Kiwon ƙananan kaji a gida domin samun ƙwai

Ƙananan kajin da ake kira bantam sun samo sunansu daga Banten, tsohuwar tashar jiragen ruwa a tsibirin Java na ƙasar Indunusiya. A ƙasar Hausa, mafi kusa da su ita ce durgu, kazar gida mai gajerun ƙafafu.

A unguwanni masu cunkoso irin na Doka, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, ƙanƙantar tasu ce amfaninsu. Akurki ɗaya a gefen tsakar gida ya ishi kaji huɗu ko biyar, kuma cimarsu ba ta wuce dusa, tsaki da ragowar abinci ba. Ana haɗa musu da garin ƙashi domin ɓawon ƙwai ya yi ƙwari.

Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Ƙyanƙyasa ce ke bukatarsa, bayan kwanci na kwana 21. Sai dai ƙwan ƙanana ne, kuma yawansu bai kai na ShikaBrown ba, wadda cibiyar NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta samar.

Babbar barazana ita ce cutar Newcastle, wadda kan yi ƙamari da hunturu, ta share akurki cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani sai rigakafi, irin wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, ke sarrafawa. Don haka duk kazar da aka sayo daga kasuwa, a ware ta tsawon mako biyu kafin a gwama ta da sauran.