Rajistar masu taimako da yunwar 2005

Jama'ar Gure, waɗanda suka ga 2005 ba su manta ba. Fari da fara sun cinye daminar 2004, hatsi ya yi tsada, yara suka rame daga Maraɗi har Damagaram.

Wani kaso na kuɗin da ya ceci yaranmu, asalinsa ba don Nijar aka bayar ba. Bayan tsunamin Asiya na Disamba 2004, gudummawa ta yi wa ƙungiyar likitoci ta MSF yawa, har a farkon Janairu ta ce a dakata. Da yake sunan kowane mai bayarwa da adireshinsa suna cikin kwamfuta, sai ta bi su da wasiƙa: kun yarda a kai kuɗinku wani wurin? Mafi yawa suka amince. A shekarar, MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar.

Mu nan fa? Ƙungiyoyinmu da dama har yau littafin ma'aji ne da WhatsApp. Ɗan Gure da ke Libiya ya aiko jika goma, ba lambarsa a rubuce, ma'aji ya canza, shi ke nan, ko godiya ba ta kai gare shi.