Yadda Akantocin Najeriya Suka Nemi Doka Ta Tsare Musu Sana'a

Kafin samun 'yancin kai, duk ɗan Najeriyar da ke son a kira shi ƙwararren akanta sai ya ci jarrabawar ƙungiyoyin Birtaniya. Akintola Williams ne ya fara samun wannan shaida a Ingila, a 1949. A 1960 shi da wasu takwarorinsa suka kafa ƙungiyar akantoci ta cikin gida, shi ne kuma shugabanta na farko. Sai dai ƙungiya ce ta ganin dama. Ba ta da ikon hana kowa rataya allo a ƙofar ofis ya ce shi mai binciken asusu ne.

Wannan iko suka je nema a majalisar tarayya a Legas, suka kuma samu. Ranar 1 ga Satumba 1965 dokar da ta kafa cibiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN ta fara aiki, da mambobi kimanin 250. Dokar ta ba ta hurumin shirya jarrabawa, ajiye rajistar ƙwararru, da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin mai zuba jari da mai karɓar haraji ba su da abin dogaro sai sa hannun mai bincike. Amma wanda aka ba makullin ƙofa shi ke zaɓen mai shiga, kuma ba a daɗe ba aka fara ƙorafin cewa jarrabawar ta yi tsauri, ƙwararrun sun yi wa ƙasar kaɗan.

Daga cikin masu ƙorafin aka kafa wata ƙungiyar akantoci, ANAN, a 1979, ƙarƙashin jagorancin Olumuyiwa Sosanya. Ta shafe shekaru tana bin 'yan majalisar jamhuriya ta biyu, sannan gwamnatocin soja, don samun tata dokar, ICAN kuwa tana cewa ƙungiya biyu a sana'a ɗaya zubar da inganci ne. Sai ranar 25 ga Agusta 1993 aka fitar da dokar soja mai lamba 76 da ta amince da ANAN, ana gab da saukar Janar Babangida. Abin lura, wannan karon ba muhawarar majalisa ce ta raba gardamar ba, alƙalamin mutum ɗaya ne. ANAN ta zaɓi horar da waɗanda suka gama jami'a ko kwalejin kimiyya a kwalejinta da ke kusa da Jos, kuma ta fi samun karɓuwa wajen ma'aikatan gwamnati. Masu harkar haraji ma sun samu tasu dokar a 1992, daga nan aka shiga shari'a kan wanda ya cancanci yin aikin haraji.

A ganina, abin da ya fi sauya al'amarin bai fito daga ƙungiyoyin ba. Badaƙalar asusun kamfanin Cadbury a 2006, da tuɓe shugabannin bankuna biyar da gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya yi a Agustan 2009, sun sa jama'a tambayar inda masu bincike suke lokacin da ake ɓarnar. A 2011 majalisa ta kafa hukumar kula da rahoton kuɗi ta FRC a madadin tsohuwar hukumar ƙa'idojin lissafi ta NASB, aka ɗora ta a kan ƙungiyoyin duka. Yanzu akantan da zai sa hannu a rahoton kuɗin babban kamfani, ɗan ICAN ne ko ɗan ANAN, sai ya yi rajista da ita ya rubuta lambarsa a ƙarƙashin sunansa.