Mangwaro: Yadda Ake Zaɓe Da Shirya Shi Domin Ci

Asalin mangwaro daga yankin Indiya ne. A nan ƙasarmu ya fi nuna a bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da ruwa mai tsabta ke ƙaranci, ƙudaje kuma suke yawaita. Yana ɗauke da bitamin A da C, masu taimaka wa lafiyar ido da garkuwar jiki. Sai dai idan aka yi sakaci da tsabta, yana iya zama sanadin gudawa, musamman ga ƙananan yara.

Zaɓe

Nunanne na gari yana da ƙamshi, yana ɗan lotsawa idan an danna. A guji wanda ya fashe ko wanda jemage ya gatsa. Wasu 'yan kasuwa kan tilasta masa nuna da sinadarin kabaid, irin na masu walda, abin da hukumar NAFDAC ta hana saboda illarsa. Irin wannan, bawonsa kan yi kyau amma cikinsa da tsami.

Shiri

A wanke hannu da sabulu, sannan a wanke mangwaron da ruwa mai tsabta, musamman wajen da aka tsinke shi, domin ƙaronsa kan sa ƙuraje a leɓe. A fere da wuƙa mai tsabta. Wanda aka yanka a ci nan take, ko a rufe shi.

Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da jami'an duba-gari da su isar da wannan saƙo a kasuwanni da makarantu.