Yadda Kashin da Aka Sha a Wabash Ya Haifi Akantan Sojan Amurka

Da asubahin 4 ga Nuwamba, 1791, mayaƙan ƙabilun Miami da Shawnee da abokan ƙawancensu suka far wa rundunar sojan Amurka ta Janar Arthur St. Clair a bakin kogin Wabash. Kafin hantsi ya dubi ludayi, sojoji fiye da 600 sun kwanta dama. Gwamnatin tarayyar Amurka tana da shekara biyu da 'yan watanni a lokacin.

Tun ba a harba harsashi ba rundunar ta riga ta galabaita. Kayan aiki sun iso a makare, gatura na sare hanya sun yi ƙaranci, garin alkama ya yanke har aka rage wa sojoji kason abinci, wasu suka gudu. Ɗan kwangilar guzurin kuwa William Duer ne, tsohon mataimakin Alexander Hamilton a Baitulmali, wanda hankalinsa ya fi karkata ga cinikin filaye da takardun bashin gwamnati. A watan Maris na 1792 ya karye, aka tsare shi a gidan yarin masu bashi a New York, ya mutu a 1799 bai fita daga ƙangin bashin ba.

Abin mamaki, a kan takarda tsarin ba shi da makusa. Dokar 2 ga Satumba, 1789 da ta kafa Baitulmali ta raba aiki hannu-hannu: odita ya duba lissafi, kwanturola ya tabbatar, magatakarda ya shigar a littafi, ma'aji ya biya. Amma da zarar kuɗi sun bar hannun ma'aji sun nufi Ma'aikatar Yaƙi ta Henry Knox, babu wani jami'i da aka ɗora wa bin sawunsu har dajin Ohio.

Ranar 27 ga Maris, 1792, Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti don gano musabbabin shan kashin, binciken farko da ta taɓa yi wa ɓangaren zartarwa. Shugaba George Washington ya tara ministocinsa, suka yarda cewa yana da ikon riƙe takardar da fitarta za ta cutar da jama'a, sannan suka miƙa abin da aka nema. Kwamitin ya wanke St. Clair, ya ɗora laifi kan 'yan kwangila da sashen samar da kaya.

Dokar 8 ga Mayu, 1792 ta ƙirƙiro muƙamin akantan Ma'aikatar Yaƙi, ta kuma mayar da sayen kayan soja ƙarƙashin Baitulmali. Duk hafsan da ya karɓi kuɗin gwamnati sai a rubuta su bashi a kansa, ba za a goge ba sai ya kawo rasidai. Joseph Howell ne ya fara riƙe ofishin, William Simmons ya gaje shi a 1795. Simmons mutum ne mai taurin kai wajen ƙin amincewa da takardar da ba ta cika ba, abin da ya jawo masa baƙin jini a wurin janar-janar, har aka sallame shi a 1814 bayan ya yi ta sa-in-sa da Sakataren Yaƙi John Armstrong.

Gobara ta cinye yawancin takardun Ma'aikatar Yaƙi a Nuwamba 1800, Yaƙin 1812 kuma ya tara tulin lissafin da ba a rufe ba. A Maris 1817 Majalisa ta soke ofishin akantan, ta mayar da binciken kuɗin soja kacokan hannun sababbin oditoci a Baitulmali.