Shagari: Ɗan Manomi a Majalisar Legas

A 1954 aka zaɓi wani malamin makaranta mai shekara 29 ya wakilci Sakkwato ta Yamma a Majalisar Wakilai da ke Legas. Da alli Shehu Shagari yake cin abinci a lokacin, amma gidan noma ya fito: mahaifinsa Aliyu, Magajin ƙauyen Shagari, manomi ne kuma makiyayi, yana taɓa fatauci kafin a naɗa masa rawani.

Legas ta karɓe shi. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, daga nan sai kujerun minista bi da bi. Da sojoji suka watsa gwamnati a Janairun 1966, ya tattara ya dawo gida, ya kama gona da aikin En'e, yana fafutukar gina makarantu a lardin Sakkwato. Ko da siyasa ta dawo, kujerar sanata yake hari. Jam'iyyar NPN ce ta tura shi takarar shugaban ƙasa a 1979.

Da ya ci zaɓe, noma ya sa a gaba, ya ƙaddamar da shirin Green Revolution: taki, irin zamani, tarakta. Sai dai a zamanin ne kuma buhunan shinkafar waje suka cika kasuwanni.

Babban tabon yana Bakolori, kusa da Talata Mafara. Gwamnatin soja ce ta gina dam a can, aka gama a 1978, amma Shagari ya gaji rigimar. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, masu fadama a gangaren kogi suka rasa ambaliyar da ke shayar musu da shinkafa, diyya kuma sai gobe sai jibi. Manoma suka datse hanyoyi, suka tsayar da aikin kamfanin Italiya na Impresit. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Wanda ya tashi yana ganin fartanya a zaure bai kamata wannan ta faru a hannunsa ba.

Gobirawa ma sun samu rabonsu. Kogin Rima, wanda mutanen Tsamaye da Sabon Birni suka sani tun yana ratsa ƙasarsu, an tare shi a Goronyo, aikin ya kammala a 1984. A lokacin Shagari yana tsare, Janar Buhari ya kifar da shi tun 31 ga Disamba, 1983.