Sabunta Wa'adin Mallaka da Doguwar Haya a Gidajen Benen Bata, Kano: Nazarin Giɓin Doka

Tsakure

Maƙalar ta nazarci makomar mai riƙe da filat bisa doguwar haya a yankin Bata idan wa'adinsa ya ƙare. An bi tanade-tanaden Dokar Amfani da Filaye ta 1978, aka kwatanta su da tsarin Ingila. Binciken ya gano cewa dokar ta yanke wa'adi, amma ba ta shimfiɗa hanyar sabunta shi ba.

1.0 Gabatarwa

Bata, wadda ta samo sunanta daga kamfanin takalma na Bata, tana tsakanin Fagge da Sabon Gari, daf da kasuwannin Singa, Kantin Kwari da ta Muhammadu Abubakar Rimi. Wannan maƙwabtaka ta sa gidajen kwana da dama sun koma benaye: shaguna a ƙasa, iyali ko sito a sama. Galibi ɗan kasuwa ne kan gina fulotin wani, ya ci shekarun da aka yi yarjejeniya, sannan ginin ya koma hannun mai fuloti. Tambayar binciken ita ce: wa ke da ikon ƙara wa'adi, kuma bisa wane ma'auni?

2.0 Tushen Tarihi

Tun sanarwar Turawan mulki ta 1910 aka sanya filayen Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, mutane kuwa aka bar musu haƙƙin zama. Sabon Gari, wadda aka yanka bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, a kan wannan tsari ta tashi. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaji tsarin, ta 1978 kuma ta game ƙasa da shi. Ke nan mai takardar fili a Bata ba ƙasar ya mallaka ba, wa'adi ya mallaka.

3.0 Abin da Doka ta Tanada

Sashe na 1 na dokar 1978 ya danƙa filayen jiha ga gwamna a matsayin amana. Sashe na 5 ya ba shi ikon bayar da haƙƙin zama, na 8 kuma ya wajabta a ƙayyade masa wa'adi. A al'ada, gidan kwana kan sami shekara 99. Takardar da aka bayar a 1930 bisa wannan wa'adi, alal misali, za ta ƙare a 2029.

Sashe na 22 ya hana sayarwa, jingina ko ba da fulotin haya ta dogon zango sai da amincewar gwamna. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta ce sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka riƙe filayensu tun kafin dokar. Sashe na 29 ya yi maganar diyya idan an ƙwace fili don amfanin jama'a, sai dai ƙarewar wa'adi ba ƙwace ba ce.

4.0 Tattaunawa

Abubuwa uku suka fito. Na farko, babu sashen da ya mai da sabuntawa haƙƙi. Roƙo ne da gwamnati ke iya karɓa ko ta sauya masa sharaɗi. Na biyu, mai filat ɗin sama rataye yake da takardar mai fuloti, domin ba a ba da abin da ba a da shi: wanda shekara 10 ta rage wa ba zai ba da hayar shekara 30 ba. Na uku, idan mai takarda ya rasu ba a raba gado ba, ɗan haya ba ya sanin wanda zai zauna da shi cikin magada. Fiƙihun Malikiyya ma ya sharɗanta sanin wa'adi da kuɗi kafin haya ta inganta, don haka alkawarin baki na “za mu duba maka” ba madogara ba ne.

A Ingila, dokar 1993 ta ba mai filat haƙƙin ƙarin shekara 90 kan abin da ya rage masa, tare da soke kuɗin ƙasa, bayan ya biya farashin da kotu kan iya yankewa idan an kasa daidaitawa. Dokar 2024 ta tanadi ɗaga ƙarin zuwa shekara 990. Darasin ba yawan shekarun ba ne. Shi ne akwai ma'aunin da kowa ya sani tun kafin rigima.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Aikin sake tantance takardun mallaka da Gwamnatin Kano ta fara a ƙarshen 2024 ta hannun hukumar KANGIS dama ce ta tattara ranakun ƙarewar wa'adi, amma sauya takarda daban, ƙara wa'adi daban. Gyara dokar 1978 abu ne mai wuya, tunda sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare ta. Saboda haka maƙalar na ba da shawarar gwamnatin jiha ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida mai fayyace lokacin neman sabuntawa, yadda ake lissafa kuɗinta, da matsayin masu hayar sama. Su kuma masu karɓar filat a Bata, su nemi ganin takardar mai fuloti, su lissafa shekarun da suka rage, su sa sharaɗin sabuntawa a rubuce kafin su biya ko sisi.