Daɓe da Mai: Tarihin Wata Gardama a Wasan Bolin

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gezawa ya san daɓe. Mata kan taru su daddaɓe ƙasan ɗaki da madaɓi, sa'an nan a yayyafa ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, har wurin ya yi sulɓi. Muna yara mukan gara ƙwallon goruba a kan sabon daɓe, sai mu ga ya sulale a tsakiyar ɗaki, amma da ya isa bakin ƙofa inda ƙafa ta cinye makuba sai ya cije ya karkace. A lokacin ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Ashe a kan irin wannan ne Amurkawa suka yi shekaru suna jayayya a wani wasa nasu da ake kira bolin.

Ga yadda wasan yake. Akwai doguwar hanya ta katako, wadda a nan zan kira daɓe, tsawonta ƙafa 60, faɗinta jerin katako 39. A ƙarshenta ake kafa turaku 10 masu siffar kwalba. Ɗan wasa ya garo ƙwallo mai nauyi, wanda bai wuce laba 16 ba, don ya zubar da su. Wanda ya share turakun duka sau 12 a jere ya ci maki 300, kuma babu abin da ya fi wannan a wasa ɗaya. A 1895 aka kafa ƙungiyar ABC a birnin New York don tsara dokokin wasan.

Da farko ba don wasa ake shafa mai ba, don tsaron katako ne kada ƙwallo ya goge shi. To amma fa sai 'yan wasa suka lura cewa ƙwallo yana santsi a inda mai yake, in ya fito busasshen wuri kuma sai ya kama katako ya lanƙwasa. Ba a shafe daɓen duka, galibi man yakan tsaya wajen ƙafa 40. Saboda haka tafiyar ƙwallo kashi uku ce: santsi, lanƙwasa, sa'an nan mirginawa zuwa ga turaku. Ƙwallon da ya shigo a karkace tsakanin turken gaba da na kusa da shi ya fi na miƙe ɓarna nesa ba kusa ba.

Nan ne masu gidajen wasa suka gano dabara. In aka zuba mai da yawa a tsakiya aka bar gefe a bushe, to wanda ya jefa ƙwallo ya yi waje, bushewa za ta komo da shi. Wanda ya kuskure ya yi ciki, santsi zai riƙe shi a kan hanya. Ko ta ina kuskure ya zama daidai. Mai gida ya san wanda ya ci maki da yawa gobe ma zai dawo da kuɗinsa. Ga shi kuma man ba shi da launi, ido ba ya ganinsa.

Masu ƙera ƙwallo su ma ba su zauna ba. Daga itace aka koma roba a 1905, daga baya aka koma filastik. A 1973 wani ɗan wasa, Don McCune, ya riƙa jiƙa ƙwallonsa cikin wani sinadari don fatarsa ta yi laushi ta kama daɓe. Gasa 6 ya cinye a shekarar, dole aka kafa doka a kan taurin ƙwallo. A farkon shekarun 1990 kuwa aka fito da ƙwallon da ke shan mai kamar soso, wanda kan sauya shimfiɗar man tun ana tsakiyar wasa.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Glenn Allison. Ran 1 ga Yuli 1982, a garin La Habra na Jihar Kalifoniya, wannan dattijo mai shekara 52 ya share turaku sau 36 a jere, watau maki 900 a wasa uku. Jami'an ABC suka duba daɓen, suka ce shafin man ya saɓa ƙa'ida, suka ƙi amincewa. Sai a 1997 aka karɓi 900 ta farko, ta wani ɗalibin jami'a, Jeremy Sonnenfeld, a Nebraska, alhali a lokacin ƙwallo ya riga ya fi na Allison kama daɓe. A 2014 ƙungiyar USBC, wadda ta gaji ABC a 2005, ta sake duba maganar, ta bar hukuncin yadda yake.

A ganina an zalunce shi. Ba shi ya shafa man ba, kuma sauran waɗanda suka yi wasa a gidan a daren nan ba wanda ya yi abin da ya yi. Sai dai kuma ƙungiyar tana da hujjarta, don in aka bar kowane gida ya shafa yadda ya ga dama, makin wani gari ba zai auna da na wani ba.

Yanzu injin mai kwamfuta ke shimfiɗa man, katako bayan katako, kuma ana bayyana tsarin kafin babbar gasa. A 2013 ƙungiyar ƙwararru ta PBA ta fara rina man da shuɗi a wasannin talabijin, don 'yan kallo su ga abin da ɗan wasa yake fama da shi.